Babi na Biyar: Karatun Layin Titi

Ranar da kawuna ya fara fita da ni babban titi, bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Na riga na yi makonni ina zagaya filin ƙwallon unguwarmu, na iya tayar da mota ba ta mutu a hannuna ba, na iya canjin giya da ribas, har ina ganin lasin kaɗai ya rage mini. Shi kuwa tsohon direban motar haya ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Jos. Ya zaunar da ni a kujerar gefensa, muka fita bayan gari, ya ce aikina ɗaya ne, in riƙa faɗa masa abin da ke kwance a kan kwalta. Na duba na ce, "Kawu, ai fenti ne." Bai tanka ba sai da muka zo gindin wani hawa, inda layin da muke bi mai gaɓa-gaɓa ya haɗe ya zama dogo guda. A nan ya tambaye ni abin da ke bayan hawan. Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, ɗana, wanda ya ja layin nan ya sani. Ya tako wurin da ƙafarsa, ya auna, ya ga daga nan ba a hango mai tahowa. Saƙo ya bar maka." Muna kaiwa kan tudun sai ga tankar mai ta ɓullo a hannunta, ba mu ji ƙararta ba, ba mu ga ko hayaƙinta ba sai da ta zo daf da mu.

Tun daga ranar nake ganin giɓi a yadda yawancinmu muke koyon mota. Hannu da ƙafa muna ba su watanni, ido kuwa ko yini guda ba ma ware masa. Allunan gefen titi suna samun ɗan kulawa saboda ana tambayarsu wajen gwajin lasin, amma fentin da ke ƙasa an mayar da shi ado. Alhali allo sau ɗaya kake wuce shi, wani lokaci ma tirela ta kare maka shi ko reshen bishiya ya rufe shi. Layi kuwa yana gabanka kowane sakan, yana sauya magana duk inda titi ya sauya hali. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A kan titi, layin nan shi ne babban.

Motoci sun riga layi zuwa duniya, kuma sai da aka yi ta taho-mu-gama kafin a yi tunaninsa. A shekarar 1911 wani jami'in kula da hanyoyi mai suna Edward Hines, a gundumar Wayne ta jihar Mishigan a Amurka, ya sa aka ja farin layi a tsakiyar wani titi don kowa ya san hannunsa. Ana ba da labarin cewa keken dakon madara ya gani yana yoyo, yana barin farin sawu a bayansa, dabarar ta faɗo masa. Shekara shida bayan haka, a Kalifoniya, wata likita mai suna June McCarroll ta tsallake rijiya da baya lokacin da babbar mota ta ture ta daga kan hanya. Ta ɗauki fenti da kanta ta ja layi a titin, ta yi ta kai kuka wurin hukuma har jihar ta karɓi tsarin a 1924. Daga baya ƙasashe suka ga wajibi ne maganar ta zama ɗaya, don direban da ya ƙetare iyaka kada ya zama baƙon karatu, shi ya sa aka yi yarjejeniyar birnin Biyana ta 1968 kan alamomin hanya. Layin da kake gani a hanyar Zariya ko ta Maraɗi jikan wannan tarihin ne.

Kafin mu shiga karatun, a tabbatar da tushe. A Najeriya hannun dama ake bi tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da aka bar tsarin hagu da aka gada daga Ingila don a yi daidai da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Ghana ta bi sahu a 1974. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce sitiyarinka yana hagu, layin tsakiya kuma yana daidai kafaɗarka ta hagu. An zaunar da kai kusa da shi ne da gangan. Duk wanda ya kalli bidiyon koyon tuƙi na Ingila ko Indiya a waya, ya tuna cewa komai a can juye yake, kada ya kwaso hagu ya kawo dama.

Layin tsakiya iri biyu ne a asali. Akwai mai gaɓa-gaɓa kamar rake, fenti da giɓi, fenti da giɓi. Akwai kuma dogon layi wanda bai yanke ba. Mai gaɓa yana cewa an yarda ka ƙetare, idan ka duba ka ga babu mai tahowa. A kula da wannan sharaɗin, domin a nan masu koyo da yawa suke zamewa. Izni ne layin ya ba ka, bai yi maka alkawarin hanya a buɗe take ba. Wanda ya ja shi ya san yanayin wurin, amma bai san motar da ta taso daga can a wannan sakan ɗin ba. Dogon layi kuwa katanga ce. Ba a ƙetare shi don obatekin, ba a taka shi, ba a yin kwana a kansa a juya baya. Za ka tarar da shi a gindin hawa, a kwana, gab da gada, kusa da mahaɗar hanya, da duk inda ido ba ya kai wa nesa.

Akwai na uku a tsakaninsu da mutane kaɗan ne suke lura da shi. Idan ka ga gaɓoɓin sun fara tsawo, giɓin kuma yana raguwa, gargaɗi ne cewa akwai abin lura a gaba, kuma sau da yawa dogon layi ne ke tafe. A tsarin Faransa, wanda Nijar ta gaji da yawa daga cikinsa, layin tsakiya na yau da kullum fentinsa mita 3 ne, giɓinsa mita 10, na gargaɗi kuwa fentin yana nan mita 3 amma giɓin bai kai mita ɗaya da rabi ba. A wasu hanyoyin har kibiyoyi masu lanƙwasa ake zanawa a tsakiya suna nuna maka ka koma hannunka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: yawan fenti, yawan haɗari. Ka kuma lura da tsawon nan na mita 3. Daga cikin mota gaɓar tana yi maka kama da taku ɗaya ko biyu, gudu ne yake rage ta a idonka. Idan gudu zai iya yaudararka a kan abin da ke ƙarƙashin tayarka, yaudarar da zai yi maka a kan motar da ke can nesa ta fi haka.

Bari mu yi lissafin obatekin, domin sai da shi dogon layi yake zama abin girmamawa maimakon abin haushi. A ce kana bayan tirela tana tafiyar kilomita 60 a awa, kai kuma za ka wuce ta da 80, wanda shi ne iyakar gudun da aka yarda wa ƙaramar mota a babbar hanyar da ba tagwaye ba. Bambancinku kilomita 20 ne, wato kana cin mata kimanin mita biyar da rabi a kowane sakan. Tsawonta, da tsawon motarka, da tazarar da za ka bari kafin ka fita da bayan ka dawo, idan aka haɗa sun kai mita 60. Kenan za ka shafe sakan 11 a hannun wasu. A cikin sakan 11 ɗin motarka za ta ci kimanin mita 240. Mai tahowa da gudu irin naka shi ma zai ci 240 yana nufo ka. Jimla kusan rabin kilomita, fiye da filin ƙwallo huɗu a jere, kuma dole idonka ya ga dukkansa fes kafin ka karkata sitiyari. Inda injiniya ya auna ya ga tsawon da ake hangowa bai isa ba, sai ya haɗe layin. Ba don ya ɓata maka lokaci ya yi ba. Direbobin da suka san Hawan Kibo a hanyar Jos ba sa buƙatar a yi musu wannan bayanin, sun ga abin da gaggawa take bari a gindin dutse.

Wani lokaci layi biyu za ka gani a jere. Idan duka dogaye ne, ba kai ba, ba mai tahowa ba, kowa ya zauna a hannunsa. Idan ɗaya dogo ne ɗaya mai gaɓa, naka shi ne wanda ya fi kusa da kai. Mai gaɓa a ɓangarenka, an yarda ka wuce idan hanya ta ba da dama. Dogo a ɓangarenka, ka haƙura, ko da ka ga masu tahowa suna ta wuce junansu. Ba son kai aka yi musu ba. Wanda ya gangaro daga tudu yana kallon fili shimfiɗe a gabansa, kai da kake hawa tudun ne ya tsaya maka a fuska. Wuri ɗaya kuke, amma abin da ido yake ba ku ya bambanta, layin kuma ya yi wa kowa hukunci gwargwadon ganinsa.

Masu koyo sukan tambayi launi: me ya sa wani titin fari, wani ruwan ɗorawa? A Amurka, tun 1971, ruwan ɗorawa a tsakiya yana nufin waɗanda ke ɗaya ɓangaren tahowa suke yi, fari kuma yana raba masu tafiya wuri guda. A Ingila da Faransa fari ne a tsakiya. Ingila ta ajiye ruwan ɗorawa ga bakin titi don hana fakin, Faransa kuma tana amfani da shi wajen layin wucin gadi inda ake aikin hanya. A titunanmu za ka haɗu da duka launukan biyu. Shawarata ita ce ka fara karanta siffa kafin launi. Dogo dogo ne ko da wane fenti aka ja shi, hukuncinsa ɗaya.

Akwai tarko guda da ya kamata in daɗe a kansa, domin a nan layi da kansa zai iya ruɗa ka. A titi mai tagwayen hanya, irin na Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, farin layi mai gaɓa yana raba sahu biyu ne masu tafiya wuri ɗaya. Ka fita ka wuce mota ba tare da fargabar mai tahowa ba, domin masu tahowa suna can bayan shinge. To amma idan ana gyara, sai a rufe ɓangare guda a mayar da kowa ɗaya ɓangaren. Fentin yana nan yadda yake, ma'anarsa kuwa ta juye gaba ɗaya: sahun hagu da ka saba ɗauka naka ya zama hannun masu tahowa. Duk wanda ya bi wannan hanya a shekarun da ake aikinta ya san irin wannan karkatarwa, wadda takan yi tsawon kilomitoci. Haɗarin ba a farkonta yake ba, lokacin da kowa ke a farke. Bayan minti goma ne, lokacin da hankali ya kwanta, ido ya ga layin da ya saba, hannu ya karkata da kansa. Idan an karkatar da kai, ka riƙa tuna wa kanka da baki cewa hanyar nan ta zama ta mutum biyu, har sai ka ga an mayar da kai ɓangarenka. Da dare, idan kana shakka, ka ɗauka akwai mai tahowa.

A cikin gari kuma, inda sahu biyu ko uku suke tafiya tare, laifin da ya fi yawa shi ne raba ƙafa, wato a sa layi a tsakiyar mota, rabi nan rabi can. Mai koyo yakan yi haka don tsoro, yana jin tsakiya ta fi faɗi. Wanda ya daɗe yana tuƙi yakan yi don kada wani ya wuce shi. Duka biyun sun cinye wurin mota biyu, kuma na baya ba shi da hanyar sanin inda suka dosa. Faɗin sahu a manyan hanyoyinmu ya haura mita uku da rabi, ƙaramar mota kuwa ba ta kai mita biyu ba, saboda haka wuri ya ishe ka har da saura. Dabarar zama a tsakiyar sahu ita ce kada ka kafe ido a kan layin da ke gaban bonet. Wanda ya kalli layi, layi zai taka, domin hannu yana bin ido. Ka jefa ganinka can gaba, tsakiyar sahun, motar za ta daidaita kanta. Lokaci zuwa lokaci ka leƙa madubin gefe, za ka ga tazarar da ke tsakanin tayar baya da layin, ka san ko ka karkata. Idan za ka sauya sahu, madubi tukuna, sannan sigina, sannan waiwaye kaɗan ta kafaɗa don ɗan acaɓa ko mai A Daidaita Sahu da ya maƙale inda madubi ba ya nunawa.

Layin da na fi ƙauna shi ne wanda ba a cika maganarsa ba, dogon layin da ke bakin titi ta dama. Da rana yana nuna maka inda sahunka ya ƙare, inda gefen titi ya fara. Gefen nan wurin mai lalura ne, wanda tayarsa ta fashe ko injinsa ya mutu, kuma a ƙauyukanmu nan ne hanyar mai keke, da mai tura baro, da yara masu zuwa makaranta. Wanda ya bi ta nan don ya tsere wa cunkoso, cikin mutane ya shiga. Da dare kuwa layin nan jagora ne. Idan mai tahowa ya haske ka da babbar fitila ya ƙi ragewa, kada ka kalle shi, kada kuma ka rama, domin makafi biyu ke nan suka nufi juna. Ka sauke idonka zuwa layin dama, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bi shi har ya wuce. Haka nan a lokacin hunturu, idan hazo ya sauko har ba a ganin bayan motar gaba, wannan layin ne zai gaya maka titi ya fara lanƙwasa kafin ka ji tayarka a kan tsakuwa.

Abin da ya sa layi yake haske da dare ba farinsa kaɗai ba ne. Fentin titi mai kyau narka shi ake yi a shimfiɗa da zafi, a barbaɗa masa ƙwayoyin gilashi ƙanana kamar yashi tun bai daskare ba. Kowace ƙwaya tana karɓar hasken fitilarka ta mayar maka da shi. Idan ruwan sama ya kwanta a kai, ya lulluɓe ƙwayoyin, sai hasken ya tarwatse, shi ya sa layi yake ɓacewa a daren damina daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Maganin wannan ne ƙusoshin nan masu ƙyalli da ake kafawa a kan layi, waɗanda ake kira idon kyanwa. Wani Bature mai suna Percy Shaw, mutumin garin Halifax a Ingila, shi ya yi musu rajista a 1934. Suna ɗan tasowa sama da kwalta, ruwa ba ya rufe su, idan kuma ka taka su za ka ji gargada a sitiyari, wato ka fita daga sahunka. Masu babur su ƙara da wannan: jiƙaƙƙen fenti ya fi kwalta santsi, kada a taka birki da ƙarfi ko a kwantar da babur a kansa.

Zuwa yanzu layukan da ke tafiya tare da kai muka karanta. Waɗanda suka gitta a gabanka maganarsu tsayawa ce. Dogon layi mai kauri da ya tare sahunka, a gaban danja ko a mahaɗa mai allon tsayawa, yana nufin hancin motarka ya tsaya kafin shi. Ba tayar baya ba, hanci. Mutane sukan ga an ja shi baya da yawa sai su zarce, amma akwai dalili. An bar wa masu tafiya a ƙasa wurin ƙetarewa, an bar wa doguwar motar da za ta sha kwana wurin da bayanta zai share, kuma daga nan ne za ka iya ganin danjar ba tare da ka leƙa ta saman gilashi ba. Wanda ya zarce layin yakan koma jiran odar na baya kafin ya san an ba da hannu. Idan layin da ya gitta mai gaɓa ne, wani lokaci da zanen kusurwa uku a gabansa, ba dole ne ka tsaya cak ba, amma hanyar ba taka ba ce, ka bari masu ita su wuce. Shi ne za ka gani a bakin shataletale. Ƙa'idar can ita ce wanda ya riga ya shiga ya fi ka iko, kuma ta hagunka zai ɓullo. Yawancin rikicin shataletale a garuruwanmu daga mantawa da wannan layin guda yake tasowa.

Sai zanen jakin dawa, fari da baƙi, wurin ƙetarewar masu tafiya a ƙasa. An fara shimfiɗa shi a hukumance a garin Slough na Ingila ranar 31 ga Oktoba, 1951. A nan zan faɗi abin da ke raina: yadda muke yi da wannan zane abin kunya ne. Za ka ga tsohuwa da sandarta, ko uwa da goyo tana riƙe da hannun wani yaron, sun tsaya a kan zanen da aka yi dominsu, motoci suna wucewa babu mai ɗaga ƙafa, har sai sun gaji sun kutsa da addu'a. Wurin nan haƙƙinsu ne. Idan ka hango zanen, ka rage gudu tun daga nesa, idan akwai mai shirin ƙetarewa ka tsaya. Kada ka yi fakin a kansa ko daf da shi. Mafi girma duka, idan ka ga motar da ke sahun kusa da kai ta tsaya a bakin zanen, kada ka wuce ta. Ba banza ta tsaya ba. Akwai mutum a gabanta wanda jikinta ya kare maka, kuma idan yaro ne, da gudu zai fito, domin a ganinsa an riga an ba shi hanya.

Sauran zanen ba su da wuyar ganewa. Kibiya a cikin sahu tana gaya maka inda sahun ya nufa, miƙe, hagu ko dama, kuma an zana ta tun kafin mahaɗa don ka zaɓi wuri da wuri. Idan ka makara ka tsinci kanka a sahun masu kwana, ka yi kwanar tare da su ka zagayo, ya fi ka gitta wa sahu biyu. Wurin da aka yi wa zane a karkace ko mai kama da ƙashin kifi, inda hanya ta rabu ko ta haɗe, ka ɗauke shi tsibiri ne da ba a gina ba, kada ka hau. Akwatin ruwan ɗorawa mai zanen raga a tsakiyar mahaɗa, wanda Ingila ta fara amfani da shi a 1967, sharaɗinsa ɗaya: kada ka shiga sai ka ga wurin fita, ko da danja ta ba ka hannu. Da za a kiyaye wannan kaɗai, da yawa daga cikin kulle-kullen da ke tsayar da gari awa guda ba za su faru ba. Wanda ya je Legas kuma zai ga sahun da aka keɓe wa manyan bas na BRT tun 2008, shigarsa laifi ne mai tara. Idan kuma jami'i yana tsaye yana ba da hannu, hannunsa yana gaba da danja, yana gaba da allo, yana gaba da fenti.

Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna cikin littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Mai koyo ya nemi littafin ya karanta kafin ya je gwajin jami'an duba motoci, wato Bi-Ai-O, ya kuma liƙa jan harafin L a gaba da bayan motarsa don na baya su yi masa uzuri. Amma na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kawuna a ranar: yawancin hanyoyin da muke bi babu layin a kansu. Gaskiya ne. Rana tana cin fenti, tayoyin manyan motoci suna goge shi, rairayi yana binne shi, wani titin ma sabo fil aka buɗe shi ba a ja komai ba. Haƙƙi ne a kan masu kula da hanyoyi su ja layi su kuma sabunta shi, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin kwalta, ba a ma maganar rai. Sai dai gogewar fenti ba ta rage tsayin tudu ba, ba ta miƙar da kwana ba. Dalilin da ya sa aka ja layin yana nan daram.

A hanyarmu ta dawowa ranar, kawu ya bar babban titi ya bi wata tsohuwar hanya da ba ta da ko ɗigon fenti. Ya ce yanzu ni ne injiniya, in riƙa ja masa layin da baki. Na yi ta faɗa: nan mai gaɓa, nan dogo saboda kwana, nan dogo saboda gada, nan a rage gudu saboda kasuwar ƙauye. Yana gyaɗa kai. Da muka fito wani fili inda hanya ta miƙe ɗoɗar har ƙarshen gani, na ce mai gaɓa, a wuce lafiya. Sai ya sa sigina ya gangara gefe ya kashe mota, ya ce in fito. Muka tsaya a bakin kwalta, ya nuna mini wata bas da ke tahowa daga can nesa, ya ce kada in ɗauke ido daga kanta. Ina kallo sai tayoyinta suka nutse, sannan gilashinta, sannan kayan da aka ɗaure a samanta. Titin ya koma fayau kamar babu kowa a kansa. Ashe akwai kwari a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanyar, wanda daga kujerar direba ba a ganin alamarsa. Kawu ya ce in ƙirga. Na kai bakwai kafin rufinta ya sake ɓullowa, kusa da mu sosai.